Jinin Farfesa da Sunan Direba

Ranar Talata, sha biyu ga Nuwamba, kwamitin likitoci na wani asibiti mai zaman kansa a birnin Mansura ya rufe ɗakin da Dakta Nirmin Sharaf ke duba marasa lafiya, ya sa aka cire allon sunanta daga ƙofa, ya kuma ba ta kwana goma sha biyar ta wanke kanta daga zargin ƙirƙiro majinyacin da babu shi. Mutum huɗu suka ɗaga hannu, ɗaya ta ƙi. Shugaban zaman, Farfesa Wagdi Hindawi, bai ɗaga ba, domin shugaba ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki. Shi dai ya sa hannu a ƙasan takardar. Majinyacin da aka ce babu shi kuwa, shi ne.

Nirmin shekararta arba'in da ɗaya. Likitar cututtukan cikin jiki ce, kuma a hannun Farfesa Wagdi ta koyi aikin. Shekara uku da suka wuce ta zauna jarrabawar wata hukuma ta ƙasar waje a fannin da ake kira likitancin gyaran rayuwa, wato maganin ciwon suga da hawan jini ta hanyar abin da mutum ke ci, da tafiyar da yake yi, da barcinsa, da raba shi da taba. Ta ci jarrabawar, aka aiko mata da takardar shaida, ta sa ta a gilashi. Asibitin ya ba ta wani ɗaki a hawa na biyu, tsakanin sito da banɗakin ma'aikata, ranar Alhamis kaɗai, bisa sharaɗin kada ta rubuta sunan fannin a ƙofa tunda ba ya cikin jerin fannonin da asibitin ya sani.

Abokan aikinta suka laƙaba mata Dakta Latas. Idan ta shiga ɗakin shan shayi sai wani ya ɓoye kunafarsa, wani kayan zaƙi, a bayan jarida, ya ce, "Dakta Latas, wallahi yau ce ta ƙarshe, kada ki kai ni ƙara." Marasa lafiyar ma da farko ba su yi mata da sauƙi ba. Wani manomi ya dawo mata da takardar da ta rubuta masa, ya ce mai shagon magani ya juya ta gaba da baya bai ga abin da zai ba shi ba, wannan wasiƙa ce. Amma ya zuwa shekara ta uku fayil ɗari da arba'in da uku ne a ɗakinta, kuma mutum talatin da takwas daga ciki sun bar allurar insulin.

Farfesa Wagdi, wanda ake kira Basha, laƙabin girmama manya, shi ne babban likitan ciwon suga na yankin. Shekara talatin yana gaya wa ɗalibai magana ɗaya: mutumin ƙasar nan ba ya rabuwa da burodi sai a likkafani, saboda haka ka ba shi ƙwaya ya tafi gida. Ɗalibansa sun haddace ta, suna maimaita ta da irin muryarsa.

Cikin Satumbar bara ya kira Nirmin zuwa ofishinsa na cikin gari bayan la'asar. Ya sallami sakatariyarsa, ya murza mabuɗi, ya miƙa mata wata takardar awon jini da aka yage wurin suna.

"Me kika gani?"

"Awon suga na wata uku, goma da ɗigo takwas," ta ce. "Yana kan insulin?"

"Shekara biyu."

"To a gaya masa gaskiya, Basha. Idan bai sake hali ba, ƙafarsa da idonsa suna kan hanya."

Ya sunkuya da ƙyar, ya kwance takalmin ƙafarsa ta hagu, ya zare safa. A ƙarƙashin babban yatsan akwai gyambo kamar girman ƙwayar wake, gefensa ya yi fari.

"Wata biyu ke nan," ya ce. "Duk abin da nake rubuta wa mutane na sha. To, yi mini naki surkullen mu gani."

A tsakanin likitoci akwai abin da ba a rubuta ba amma kowa ya san shi. Ba ka buɗe wa malaminka kati, ba ka sa shi layi, ba ka barin ma'aikata su ga sakamakonsa. Nirmin da kanta ta ɗebi jininsa a wannan ofishin. Sai dai ɗakin gwaji ba ya karɓar kwalba sai da suna da lambar katin ɗan ƙasa, kuma babu ɗakin gwaji a Mansura da babu ɗalibin Farfesa ko majinyacinsa a ciki. Ya ja aljihun tebur, ya fito da hoton katin direbansa, Shahata Abdel Maula, wanda kowa ke kira Am Shahata, wato Baba Shahata.

"Basha, wannan ba daidai ba ne."

"Jini ne, 'yata. Bai san sunan kansa ba."

Ta rubuta Shahata a jikin kwalbar. Da yake ba ta duba mutum ba tare da rubutu ba, ta buɗe fayil mai lamba tamanin da bakwai da wannan sunan. Tsawo, ɗari da tamanin da biyu. Nauyi, kilo ɗari da shida.

Majinyaci ne mai taurin kai, amma mai tsoro, kuma tsoron ya fi yawa. Ya rage burodi zuwa rabin guda da safe tare da wake. Ya bar shayi mai suga cokali uku. Bayan asuba Shahata yakan kai shi ƙetaren kogi, wajen Talkha, ya sauke shi, Farfesa ya ja hula har gira ya yi tafiyar minti arba'in, motar na binsa a hankali kamar ta rakiyar gawa. Gyambon ya rufe cikin wata uku. A wata na tara Nirmin ta tsayar da insulin. A wata na goma sha huɗu nauyinsa ya sauko tamanin da bakwai, awon sugan ya koma shida da ɗigo huɗu. Ba ta da sakamakon da ya kai wannan kyau a duk ɗakinta.

Da mutane suka fara tambayarsa ina tumbin ya tafi, sai ya ce girkin matarsa ne ya lalace. A yi dariya.

A Oktoba Nirmin ta rubuta wa kwamiti takarda. Abu uku ta nema: a amince da shaidarta, a rubuta fannin a ƙofa, a ƙara mata rana ɗaya a mako, domin masu jiran ganinta sun kai wata biyu a layi. Kwamiti ya ce a kawo duk fayilolin ɗakin a duba. Madam Afaf, nas ɗin da ke aiki tare da ita, ta jera su cikin kwali huɗu ta kai ofishin manaja. Sai da yamma Nirmin ta tuna. Ta buga wa Farfesa waya.

"Basha, tamanin da bakwai yana cikin kwalin."

"Wane tamanin da bakwai?"

"Na Am Shahata."

Ya yi dariya. "Kwantar da hankalinki. Shekara talatin ina zaman kwamiti, ban taɓa ganin wanda ya buɗe fayil ba. Kwalin suke kallo, su ga ya yi nauyi."

"Ko in je in ciro shi?"

"Ki ciro a ga lamba ɗaya ta ɓace? Bar shi. Ni ne fa a kan kujerar."

An zauna ƙarfe sha biyu na rana a ɗakin taro na hawa na huɗu. Akwai faranti biyu na basbusa, wani kek mai zaƙi, a tsakiyar tebur, da shayi. Ban da Farfesa, mutum biyar ne: Dakta Midhat Zaghlul, mataimakinsa a sashen suga, wanda ya shekara tara yana jiran kujerar, Dakta Sana Mitri, likitar zuciya, sai likitan fiɗa, da likitan yara, da manajan asibitin. Aka ba Nirmin kujera a ƙarshen tebur, kusa da ƙofa. Midhat ya tura farantin gabanta.

"Bismillah, Dakta. Ko haramun ne a mazhabarku?"

Ta ɗauki ƙarami ta ajiye a kan tisu. Ta yi bayaninta cikin minti goma, da alƙaluma. Babu wanda ya katse ta, babu kuma wanda ya rubuta komai.

Likitan fiɗa ne ya fara. "Ni tambayata ɗaya ce. Wannan takardar, shekara nawa ake yi kafin a ba mutum?"

"Sai kana da fanninka tukuna. Sannan ka yi kwas, ka kai rahoton majinyaci, ka zauna jarrabawa."

"Kwas na wata nawa?"

"Ya danganta."

"Ya danganta," ya maimaita, yana kallon sauran. "Ni shekara bakwai na yi ina tsaye a ɗakin fiɗa kafin a bar ni in taɓa ɗan hanji ni kaɗai. Yanzu mutum ya zauna gaban kwamfuta a falonsa, ya tashi da hatimi."

"Kakata ma ta san tafiya na da amfani," in ji likitan yara. "Allah ya jiƙanta, ta rasu ba ta karɓi takardarta ba."

Aka yi dariya. Dakta Sana ba ta yi ba. Ta ce ita ta tura wa Nirmin mutum goma sha ɗaya, tara sun dawo mata da hawan jininsu ya sauka, kuma ba ta san wani ɗaki a asibitin da zai iya faɗin haka ba. Amma ita ma tana da ja. Idan aka mayar da wannan abu fanni mai ƙofa da allo, sauran likitoci za su wanke hannunsu, kowa ya ce wa majinyaci ka je wajen masu latas. Alhali aikin kowa ne.

"Aikin kowa ne, shi ya sa babu mai yi," in ji Nirmin. "Minti huɗu kuke ba mutum. Ni minti arba'in nake zama da shi."

"Shi ya sa ɗakinki ba ya ɗaukar kansa," in ji manaja, ba tare da ya ɗago daga wayarsa ba.

Farfesa ya gyara zama. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, har maƙogwaronsa na yawo a ciki. Ya ce shi dai ra'ayinsa sananne ne. Likitanci shi ne abin da aka koyar a jami'a aka gwada a kan dubban mutane. Nasiha kuwa abu ne mai kyau, limamai ma na yi kowace Juma'a, ba su nemi a kira su ƙwararru ba. Amma Nirmin 'yarsa ce, yarinya ce mai ƙoƙari, yana ganin a bar mata Alhamis ɗinta yadda take, a jingine maganar allo zuwa baɗi.

Nirmin ta saki numfashi. Ba ta samu abin da ta nema ba, amma ba ta rasa abin da take da shi ba. Ta fara tattara takardunta.

"Kafin mu tashi, Basha," in ji Midhat. Ya sa hannu ƙarƙashin tebur ya ciro fayil guda ɗaya, kore. "Ni na ɗan yi karambani. Na ce bari in ga mafi kyawun sakamakon Dakta, in ƙaru. Lamba tamanin da bakwai. Mu'ujiza ce, wallahi. Daga goma da ɗigo takwas zuwa shida da ɗigo huɗu, babu insulin. Na ce lallai sai na ga wannan bawan Allah da idona. Da na duba sunan, sai na ga ashe ɗan gida ne."

Ya leƙa ƙofa ya yi wa masinja magana. Bayan minti biyar aka shigo da Am Shahata daga wurin ajiye motoci. Dattijo ne gajere, mai kumatu, cikinsa ya tura maɓallan rigarsa gaba. Ya tsaya bakin ƙofa riƙe da mabuɗin mota, ya gaishe da kowa ɗaya bayan ɗaya.

"Am Shahata, zo ka ci basbusa," in ji Midhat.

"Na gode, Basha, Allah ya ƙara arziki." Ya ɗauki biyu.

"Kana da ciwon suga?"

"Ni? Allah ya tsare. Ko ciwon kai ba na yi."

"Ka taɓa yin allurar insulin?"

"Ni da allura ko a hannun tela ba ma shiri."

"Ka san Dakta Nirmin?"

"Wa bai san Dakta ba? Mutuniyar kirki."

"Ka taɓa shiga ɗakinta ta duba ka?"

Shahata ya daina tauna. Ya kalli Nirmin, ya kalli ubangidansa. Farfesa na kallon shayinsa. Mutumin da ya yi wata goma sha huɗu yana bin wani da mota a bakin kogi bayan asuba ya san abin da ake tambayarsa.

"Ban taɓa shiga ba, Basha," ya ce. Gaskiya ce kuwa.

"To yaya aka yi lambar katinka ta shiga wannan fayil?"

"Katin nan ya sha yawo. Kowane ofishi an yi hotonsa. Ni ban sani ba."

Midhat ya buɗe shafin farko. "Tsawo, ɗari da tamanin da biyu. Am Shahata, ashe ka motse." Aka yi dariya, har da Shahatan. "Nauyi, ɗari da shida a Satumbar bara. Tamanin da bakwai a watan jiya. Gyambo a babban yatsan ƙafar hagu."

A hankali yake karantawa, kuma Nirmin ta lura ba ita yake kallo ba. Farfesa yake kallo, daidai wuyan rigar nan. Ta juya ta ga Dakta Sana ita ma can take kallo. Likitan fiɗa ya mai da idonsa kan silin. A nan ta gane cewa babu likita a ɗakin da bai san mai jinin ba, kuma babu wanda zai faɗa.

Aka sallami Shahata. Ya fita da sauran basbusarsa a tafin hannu.

"Dakta Nirmin," in ji Midhat, "abu biyu ne. Ko dai babu wannan majinyacin, kin zauna kin tsara lambobi don ki burge kwamiti. Ko kuma akwai shi, kin sa masa sunan wani. Wanne ne?"

"Akwai shi."

"Madalla. Wane ne?"

"Ba zan faɗa ba. Sirrin majinyaci ne."

"Mu ma ai likitoci ne. Ba zai fita daga ɗakin nan ba."

"Sai da izininsa."

"To a kira shi mana. Yana nesa ne?"

Ta dubi Farfesa. Ba ta yi niyya ba, idonta ne ya tafi da kansa. Shekara goma sha takwas da suka wuce shi ya tsaya da ita a gaban gadon wata mata, ya ce abin da majinyaci ya gaya miki, ko alƙali ne ya tambaya sai ya kawo takarda. Yanzu ya ɗauki cokali yana juya shayin da babu suga a ciki.

"'Yata," ya ce, muryarsa a sanyaye, "idan akwai mutumin, ki faɗe shi ki huta. Idan kuma babu, ki ce kuskure ne, mu san yadda za mu rufa miki asiri. Ni dai ban koya miki wasa da fayil ba."

Kalma biyu ce, sunan Farfesa, tsakanin Nirmin da ɗakinta, kuma ya san ba za ta furta su ba, domin shi ya koya mata.

"Ba ni da abin ƙarawa," ta ce.

Likitan fiɗa ya ce ga irin abin da yake gudu ke nan: fannin da babu mai sa masa ido, kowa ya rubuta abin da ya ga dama. Idan mafi kyawun fayil ɗin ƙarya ne, me za a ce da sauran ɗari da arba'in da biyun? Dakta Sana ta ce a duba su mana, ga su nan a kwali. Manaja ya ce babu lokaci, ana jiransa ƙarfe biyu. Aka ɗaga hannu. Aka rubuta cewa an rufe ɗakin nan take, marasa lafiyarsa sun koma hannun Dakta Midhat, kuma idan cikin kwana goma sha biyar ba ta kawo majinyacin ko rubutaccen izininsa na bayyana sunansa ba, za a miƙa maganar ga masu ladabtarwa, inda abin da ke kan tebur shi ne lasisinta. Farfesa ya karanta takardar har ƙarshe, ya gyara wani waƙafi, ya sa hannu.

A bakin matakala Dakta Sana ta cim mata.

"Ke wawiya ce? Ki faɗa mana! Kowa ya gani."

"To ke me ya hana ki faɗa?"

Sana ta gyara jakarta a kafaɗa. "Ni ban ɗebi jinin kowa ba. Zato ne kawai nake yi." Ta sauka.

Ranar Alhamis mutum goma sha tara suka zo, suka tarar da ramukan ƙusa huɗu a ƙofa da wata takarda mai cewa a nemi hawa na uku. Madam Afaf ta tsaya tana yi musu kwatance. Kafin azahar labari ya zaga ɗakin jira cewa likitar ƙarya take rubutawa, an kama ta. Wata hajiya daga garin Sinbillawen, wadda ta yi wata bakwai ba allura, ta tambayi Afaf ko nata awon ma na ƙarya ne. Afaf ta rantse mata. Hajiyar ta hau sama duk da haka, ta sauko bayan minti biyar da takarda mai magani huɗu, ta ce wannan likitan dai ya san aikinsa, ko tambaya bai tsaya yi ba.

Ranar Asabar da hantsi Nirmin na gida tana yanka kuɓewa, wayarta ta yi ƙara. Farfesa ne.

"'Yata, ya gida? Ya yara?"

"Lafiya, Basha."

"Kin ga, kwana uku ke nan awon suga na safe yana ba ni ɗari da arba'in, ɗari da arba'in da biyar. Ban canza komai ba. Ko barcin ne? Ba na samun barci sosai."

Ta ajiye wuƙar. Ta jira ko akwai wata magana bayan wannan. Babu.

"Awa nawa kake yi?"

"Huɗu. Wani lokacin biyar."

"Shi ne. Ka bar shayi bayan la'asar. Ka ƙara minti goma a tafiyar. Kada ka ƙara ƙwayar da kake sha tukuna, ka kira ni bayan mako."

"Allah ya yi miki albarka. Na san ke ce kawai."

"Basha, takardar izinin."

Ya ja numfashi. "Nirmin, ki fahimce ni. Midhat ba ke yake nema ba, ni yake nema. Ranar da na sa hannu a wannan takarda, washegari duk Mansura ta ji cewa Wagdi Hindawi ya kasa da sugansa, ɗalibarsa ta warkar da shi da wake, kuma ya sa jininsa a sunan direba. Wata takwas suka rage mini in sauka da mutuncina. Ke yarinya ce, kina da lokaci. Ƙura ce, za ta lafa."

"Lasisina ne, Basha."

"Ba za a kai nan ba. Na san mutanen. Zan yi magana."

"Kamar yadda ka san ba a buɗe fayil?"

Ya ce, "Ban saba jin wannan harshen daga bakinki ba," ya kashe.

Mijinta, wanda injiniya ne, ya ce ta je ta faɗa kawai, mutumin da ya yi mata haka ba shi da sauran sirri a wurinta. Ta ce masa idan ta faɗa ba da izini ba, laifi ɗaya ya zama biyu: ta sa sunan ƙarya, ta kuma tona majinyaci, kuma Midhat zai karɓi na biyun da hannu bibbiyu. Ya ce to ta kawo wani dogon mutum da ya rame ya ce shi ne. Ta kalle shi har ya tashi ya bar ɗakin.

Ranar Lahadi ta buga takardar izinin, layi uku da wurin sa hannu, ta sa a ambulan. Ta sami Shahata a wurin ajiye motoci yana goge gilashi. Da ya hango ta sai ya shiga goge wurin da ya riga ya goge.

"Am Shahata, ka ba Basha wannan. Hannu da hannu."

Ya goge tafinsa a wando ya karɓa. "Dakta, ki yafe ni. 'Ya'ya mata uku gare ni, biyu ba su yi aure ba."

"Ban ce ka yi laifi ba."

"Wallahi kullum sai na ce masa, Basha, yarinyar nan ta cece ka. Sai ya ce in kalli hanya."

Zuwa yau kwana goma sha ɗaya ke nan da zaman kwamitin. Shahata ya ce ya miƙa ambulan ɗin a ranar, Farfesa ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihun kwat. Farfesa ya sake kiran Nirmin jiya ya gaya mata awon safe ya sauko ɗari da ashirin da biyu. Ta ce ya ci gaba da yadda yake yi. Takardar ba ta dawo ba, kuma wa'adin zai cika ranar Laraba.